Kunyar Ɗan Fari a Gaban Kyamara

Shafi na 23

Da sunan Allah. Masu tambayar Hafsat tun shekaranjiya, ga ta nan, sai a riƙe zuciya.

*

"Saki ƙahwar yaron ga, Hafsatu!"

Ba ta saki ba.

Isah, wan marigayi mijinta, ya rungume Ɗantani a ƙirji yana ja da baya, ita kuma ta damƙe ƙafar yaron da hannu biyu. Kanta a sunkuye, fuskarta na kallon bango. Ko a wannan halin ba ta yarda ta dubi ɗan farinta ba, don surukarta na zaune a tsakar gidan.

Kuka biyu ke tashi. Ɗaya daga bakin Ɗantani. Ɗayan daga wayar da ke hannun kakarsa, Inna Laraba, wadda ta taso takanas daga Lambara da bidiyon a buɗe kamar mai ɗauke da sammaci. Muryar yaro ɗaya ce, ta yau da ta watannin baya, sun haɗu suna cin kunne.

"Ƙyale ta ta karya shi," in ji Inna Laraba. "Wadda ta iya kallonai shina shiɗewa ko gezau, karya ƙahwa mi na a wurinta?"

Sai ga Baba Salisu, mahaifin Hafsat, ya faɗo gidan ko sallamar kirki babu. Daga shagonsa na ɗinki a kasuwar Boɗinga aka kira shi, tef ɗin awo na rataye a wuyansa.

"Subhanallahi! Isah, a gidana? Aje yaron ga mu yi magana irin ta manya."

"Baba, magana ta ƙare. Duniya duk ta gani."

"Na ce ka aje shi!"

Isah ya ɗora yaron a cinyar Inna Laraba. Hannun Hafsat ya zame. Ta ja jiki ta rakuɓe a bakin ƙofar ɗakinta, ta zuba wa ƙasa ido.

Inna Laraba ta miƙa wa Baba Salisu wayar.

"Malam, sake kallo. Ƙila jiya ba ka sa gilashi ba."

Ba sai ya kalla ba. Tun jiya 'yan layin teloli ke gaishe shi da murya irin ta ta'aziyya. Amma idonsa ya faɗa kai.

Ga Hafsat zaune a benci a wani ɗakin asibiti. Ga Ɗantani a ɗan kujera yana fuskantarta. Yaro ya yi mata dariya, shiru. Ya miƙa hannu, ya yi gwaranci, ya tafa, shiru. Ya kau da kai ya sake juyowa, ko canzawa ba ta yi ba. Fuskarta kamar an sassaƙa ta da itace. Daga nan ya banƙare ya tsala ihu, ita kuwa ko ƙifta ido.

A saman hoton an rubuta da manyan baƙaƙe: UWAR DA BA TA AMSA WA ƊANTA.

A ƙasa wani ya ƙara nasa: Allah Ya isar wa maraya.

"Hajiya," in ji Baba Salisu a sanyaye, "yarinyar ga ta hwaɗa min. Cewa anka yi ta yi hakanan. Gwaji na."

"Gwaji!" Inna Laraba ta tafa hannu. "Malam, ni ma na yi kunyar ɗan hwari. Ga shi nan tsaye, gemu har ƙirji." Ta nuna Isah da haɓa ba tare da ta dube shi ba. "Har gobe ban taɓa kama sunanai ba. Amma kunya daban, ƙeta daban. Kunya ba ta hana nono zuba in jinjiri ya yi kuka."

Hafsat ta ƙara sunkuyar da kai.

Wannan bakin ne dai. Shi ne a Lambara, sa'ad da mijinta Tasi'u ke raye, yake yi wa mata alfahari da ita. Surukata 'yar gidan mutunci ta, ko kallon yaron ba ta yi, in shina kuka sai an tilasta ta take ɗauka. Don ta ci wannan yabon ta koyi haɗiye dariya in ɗanta ya yi abin dariya. Don shi take jira sai ta rufe ƙofa kafin ta sumbace shi.

Abin da aka yabe ta da shi jiya, yau da shi za a raba ta da ɗanta.

Ƙarar keke-napep ta tsaya a ƙofar gida. Aka yi sallama da wata siririyar murya.

Juwairiyya ce.

Ita ce ta ɗauki bidiyon. 'Yar Shagari, ta girmi Hafsat da aji biyu a makaranta, yanzu tana digiri na biyu a jami'a kan yadda hankalin yara ke buɗewa. Tun da abin ya fashe take kashe waya, sai da Baba Salisu ya aika mata cewa in ba ta zo ba, shi zai je wurin mahaifinta da ƙafarsa. Ta shigo rungume da baƙar jakar kwamfuta, idanunta sun kumbura.

Ta durƙusa.

"Baba, ina wuni. Inna, ina wuni."

"Wagga ta likitar ƙwaƙwalwar?" Inna Laraba ta ƙare mata kallo. "Ke, kin haihu?"

"A'a, Inna."

"Ko ɓari?"

"Ban yi aure ba tukuna."

"Madalla. Ashe a kan maraya kike koyon aski."

"Hajiya, a bar ta ta yi bayani," in ji Baba Salisu.

Juwairiyya ta gyara durƙuso.

"Inna, wallahi ni na ce ta yi haka. Gwaji ne sananne, ana yin shi ko'ina. Sai a ce uwa ta yi wa jariri wasa, in an ƙwanƙwasa tebur ta daskare fuska, kar ta yi dariya, kar ta yi magana, na ɗan lokaci kaɗan. Ana son a ga yadda yaro ke ƙoƙarin dawo da hankalin uwarsa kansa. Kukan da kuka gani ma alama ce mai kyau, yana nuna ya saba tana amsa masa..."

"Dakata, Malama," Isah ya katse ta. "Rubutun da ke bisa, wa yar rubuta?"

Juwairiyya ta duƙar da kai.

"Da ke nike."

"Ni ce."

"Ƙarya kinka rubuta ko gaskiya?"

"Taken darasi ne kawai. An gayyace ni taron horar da ma'aikatan lafiya a Shagari, na haska shi a bango don su fahimci muhimmancin amsa wa yaro. Ban san wani na ɗauka da waya ba. Wallahi ban sani ba."

"Ban tambaye ki wa yaɗ ɗauka ba. Ƙarya ko gaskiya?"

Ta ƙura wa jakarta ido.

"To ka gani, Baba," in ji Isah. "In ƙarya ta, maƙaryaciya kunka kawo mana shaida. In gaskiya ta, mun gode, ta taya mu."

"Anti Juwairiyya."

Kowa ya juya. Tun zuwan baƙin, sai yanzu aka ji muryar Hafsat. Ba ta ɗago ba.

"Ranar allurar ƙyanda kinka same ni a layi. Kinka ce awon basira na, kyauta. Kinka ce ke kaɗai za ki gani, ko malaminki ba zai ga huskata ba. Na ce maki ni takaba na gama ba da jimawa ba, ba na son hoto. Kinka dahwa kahwaɗata kinka ce, haba ƙanwata, ni zan cuce ki?"

"Hafsat, ki yi haƙuri..."

"An haska ni a bango."

"Na san na yi kuskure."

"Gaban maza. An haska ni a bango kamar tallan maganin ɓera."

Ɗantani ya ji muryar uwarsa, ya fara zillo yana miƙa hannu. Inna Laraba ta ƙara matse shi, tana jijjiga shi da gwiwa.

Isah ya gyara tsayuwa.

"To mu ɗauka an ce ta yi. Ke da bakinki kin ce da hwarko uwa wasa take yi ma yaro. Ita ta yi?"

Juwairiyya ta sunkuyar da kai.

"Akwai ma'aikata a ɗakin, har da wata dattijuwa. Ta ji nauyi."

"Ta yi ko ba ta yi ba?"

"Ba ta yi ba."

"Alhamdulillahi." Ya juya ga Baba Salisu. "Baba, ba ni son in yi maka rashin kunya. Abu guda nika roƙo. A kawo min mutum guda, guda tak, a Boɗinga ko a Lambara, wanda yat taɓa ganin Hafsatu tana yi ma yaron ga wasa. In an kawo, wallahi in bar shi in tahi."

Gidan ya yi tsit. Har akuyar da ke ɗaure a gindin dalbejiya ta daina tuƙa.

Baba Salisu ya murza tef ɗin wuyansa.

"Nikan ji ta ta bango," ya ce a hankali. "In ta ruhe ƙohwa. Tana yi mashi waƙa."

"Ka gani da idonka?"

"Ƙaƙa zan gani, ɗakin ɗiyata?"

"To gani ya kori ji, Malam," in ji Inna Laraba. "Mu mun gani."

Ta yunƙura za ta tashi, ta saɓa yaron a kafaɗa. Muryarta ta ɗan karye.

"Ba mugunta taka kawo ni ba. Tasi'u ya tahi ya bar min wanga kaɗai. In na bar shi hannun da ba a so nai, mi zan ce ma ubanai gobe kiyama? Shina cin tuwo, shina shan kunu, an yaye waɗanda ba su kai shi ba. Yaro na. Kwana biyu ya mance."

"Ba shi mancewa."

Hafsat ce. Wannan karon ta ɗago, amma Juwairiyya take kallo.

"Hwaɗa masu. Abin da kinka hwaɗa min ranar cokali."

"Hafsat..."

"Ba ke ta mai ilimin ba? Hwaɗa masu!"

Juwairiyya ta share ido da gefen hijabi.

"Kafin wancan gwajin na yi masa wani. Na ba shi cokali yana wasa, sai na karɓe na rufe da kallabi a gabansa. Jariri ƙarami, in ka ɓoye masa abu, shi ke nan, a wurinsa ya ɓace daga duniya. Amma shi ya ja kallabin ya ɗauko abinsa. Sai na ce mata... na ce mata ya kai lokacin da ya san abin da aka ɓoye yana nan, bai ɓace ba."

"Har kinka yi mashi tahi," in ji Hafsat. "Kinka ce yaro mai kai. To cokali ke nan, Inna. Cokalin roba. In kunka kai shi Lambara, ɗaki ɗaki zai bi shina ɗaga labule. Ba shi da bakin tambaya, amma ya san ina wani wuri. Zai ɗauka ɓoyewa niy yi na ƙi hitowa."

Hannun Inna Laraba da ke bubbuga bayan yaron ya tsaya.

Na ɗan lokaci kaɗan.

Isah ya lura, ya yi saurin shiga tsakani.

"Inna, kar a ja mu da daɗin baki. Rana na yi, mota ba ta jira. Baba, in kuna da ja, ga kotu nan, alƙali ya kalli abin da kowa yak kalla. Amma yau Lambara yaro zai kwana."

Ya ɗauki ledar kayan yaron da suka riga suka tattara. Inna Laraba ta nufi zaure. Ɗantani ya leƙo ta saman kafaɗarta yana kuka har muryarsa ta dishe.

"Akwai saura!"

Juwairiyya ce ta faɗa, da ƙarfin da ita kanta ta firgita.

Suka tsaya.

"Sauran mi?" in ji Isah.

"Sauran bidiyon. Bai ƙare a nan ba."

Hafsat ta girgiza kai.

"A nan yaƙ ƙare. Kinka ƙwanƙwasa tebur, kinka hid da kowa waje, kinka ce kin kashe na'ura, in rarrashe shi in na gama in buɗe ƙohwa."

Juwairiyya ta kau da ido.

"Anti Juwairiyya. Kin ce kin kashe."

"Ban kashe ba."

Kamar an watsa wa Hafsat ruwan zafi. Ta dafe ƙirji da hannu biyu, kai ka ce yanzu ne ake kallonta.

Ta tuna komai. Ƙofa na rufuwa ta fizge hijabi ta jefar. Ta sure yaron, ta buɗe riga ta ba shi nono, hawayenta na ɗiga a kansa. Ta sumbaci tafin ƙafarsa. Ta kira shi da sunansa na yanka, sunan da tun ranar suna bai taɓa fita daga bakinta a gaban wani mahaluƙi ba. Ta roƙe shi gafara. Ta yi masa 'yar waƙar da Tasi'u ya ƙirƙira masa, har da baitin da ya saka sunanta a ciki, wanda daga ita sai shi suka sani.

Duk wannan, ido na kallonta daga kan tebur.

"Mantuwa kinka yi?" Baba Salisu ya tambaya. "Ce min mantuwa ta, ɗiyata."

"Da gangan ne, Baba."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"In ta san ana ɗauka ba za ta yi abin da take yi na gaskiya ba. Ina son in ga uwa mai kunya in babu idon kowa. Babu wata hanyar da zan gani sai wannan."

"Sai ki tambaye ni," in ji Hafsat.

"Da ba ki yarda ba."

"To ai kin san amsar ke nan."

Juwairiyya ta fashe da kuka. Hafsat ko a jikinta. Ta miƙe tsaye, ta tako har gabanta.

"Tsaya, ban gama ba. Tun da kina da wanga, mi yah hana ki haska shi a Shagari? Kin haska inda nike kamar dutse. Inda nike uwa hwa?"

"Ba ni da izininki a kan wannan."

Wata irin dariya ta kuɓuce wa Hafsat, mara daɗin ji.

"Wancan kina da shi?"

"A'a."

"To hwaɗi gaskiya. Yau dai kam ki hwaɗe ta ko sau guda."

Juwairiyya ta ƙanƙame jakarta.

"Bincikena... abin da nake son nunawa shi ne kunyar ɗan fari na tauye yaro. Cewa uwar da ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, hankalinsa na jinkirin buɗewa. Na riga na rubuta fiye da rabi a kan haka. Sai ga naki. Ɗanki ya fi duk yaran da na auna, kuma ga abin da kike yi in an rufe ƙofa. In na nuna shi, aikina ya rushe."

"Shi ya sa kinka yanke ni biyu. Kinka nuna rabin da ke yi maki amhwani."

"Hafsat..."

"A layin ga mata sun hi hamsin. Don mi sai ni?"

"Tun a makaranta na san ki. Babu wadda ta kai ki kunya."

Hafsat ta gyaɗa kai a hankali, sau biyu.

"Ashe ba gaisuwa taka kawo ki wurina ba ranar nan. Kiwo kinka zo dubawa."

Isah ya aje ledar. Fuskarsa ta canza, amma bai sauko ba.

"Duk wanga zance na. In akwai, a nuna."

"Ba a gidan ga ba!" Baba Salisu ya daka tsawa. "Ba ka ji mi anka ce ba? Ba hijabi, tana shayarwa! Matar ƙanenka, Isah!"

"A'uzubillahi, ni ban ce in gani ba. Amma abin da ba a gani ba, babu shi."

"Ni macce ta," in ji Inna Laraba.

Ta dawo daga bakin zaure, ta zauna a tabarma, ta dire yaron a gabanta tana riƙe da damtsensa.

"Ku maza ku juya baya. Ke 'yar boko, kawo in gani. In na ga uwa, na san uwa, ba sai an yi min rubutu a bisa ba. In abin da kinka hwaɗa gaskiya na, da hannuna zan miƙa mata shi. In ko babu, kar wanda ya sake tare min hanya."

Juwairiyya ta zuge jakar, ta fito da kwamfutar. Sai ta tsaya, ta ɗago jajayen idanunta.

"Hafsat, kin yarda in nuna?"

"Yau kike neman izinina?"

"Ba zan buɗe ba sai kin ce."

"Sannu da ladabi."

Hafsat ta tsaya a tsakiyar gidan. Ta san abin da ke cikin na'urar nan. In Inna ta gani, ta ga jikinta, ta ji sunan a bakinta, ta ji waƙar Tasi'u da sirrin da ke ciki. Bayan yau ba za ta sake iya haɗa ido da matar nan ba har abada. Duk abin da ta gina a gidan miji da sunkuyar da kai, ya tafi.

In ba ta gani ba kuwa, ɗanta ya tafi.

Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta juya ta kalli yaron, ido cikin ido, a gaban kakarsa, a gaban mahaifinta. Ta durƙusa ta buɗe hannu.

"Naziru."

Baba Salisu ya runtse ido.

"Naziru, zo. Zo wurin Ummanka."

Kukan ya ɗauke kamar an yanke da wuƙa. Yaron ya fizge damtsensa, ya yi taku biyu yana tangaɗi, ya faɗi, ya ƙarasa da rarrafe. Ya cusa kai a wuyanta yana ajiyar zuciya, hannunsa ɗaya ya damƙe hijabinta kamar za a sake ƙwace shi.

"La'ilaha illallahu," in ji Inna Laraba tana salati da tafa hannu. "Gaban idona! Da sunanai! Malam, haka kunka tarbiyyantar?"

"Inna, ɗazu kin ce ba ni da tausayi," in ji Hafsat, bakinta a kan gashin yaron. "Yanzu ba ni da kunya. Zaɓi guda, in san da wanda za a kai ni kotu."

Inna Laraba ta kalli yadda yaron ya lafe, ta kau da kai da sauri.

"Wanga ba shaida ba na," ta ce da ƙyar. "Ko akuya in ta ga za a sai da ɗanta tana kuka. Yau kin san ana kallonki. Ni wancan nika son gani, na ranar da ba ki san da ido ba."

Hafsat ta lumshe ido. Satar da aka yi mata ita ce kaɗai shaidar da ta rage mata a duniya.

"Buɗe," ta ce.

Isah da Baba Salisu suka juya suka fuskanci katanga. Juwairiyya ta ɗora kwamfutar a kan turmi, ta ja shi gaban Inna Laraba. Sau biyu tana kuskuren lambar sirri. Allon ya kawo haske. Ta shiga nan, ta shiga can. Ga ɗakin asibitin. Ga bencin. Ta ja hoton gaba, ta wuce ihun, ta wuce inda ake fita, ta tsaya daidai inda ƙofa ke rufuwa.

Inna Laraba ta matso, ta gyara zaman mayafinta.

Ƙarar rufe ƙofar mota ta zo daga waje.

"Salamu alaikum. Nan ne gidan Malam Salisu tela?"

Muryar mace ce, ba ta unguwar ba. Kafin a amsa har ta ratso zaure. Doguwa, da gilashi, da kati rataye a wuya, takalminta na ƙwas ƙwas a daɓen gidan. Wani mutum mai ɗamarar masu gadi ya tsaya mata a baya.

Juwairiyya na ganinta ta miƙe zumbur.

"Dakta..."

"Mun je gidanku a Shagari, aka ce kina nan." Matar ta juya ga Baba Salisu ta ɗan rusuna. "Baba, a gafarce mu da shigowa haka. Sunana Dakta Suwaiba, daga kwamitin da ke sa ido kan ɗa'ar bincike a jami'armu. Bidiyon da ke yawo ya iso gare mu. An dakatar da aikin wannan ɗalibar daga yau."

Idonta ya sauka kan turmi. Taku uku ta yi, ta sa tafin hannu ta rufe kwamfutar.

"Dakta, don Allah, minti biyu kawai, akwai abin da..."

"Ba za a sake nuna wa kowa hoton kowa ba. Ko daƙiƙa ɗaya. Duk abin da aka ɗauka ba da izini ba, an yanke hukuncin a goge shi, kuma da hannuna zan goge."

Ta zare kwamfutar ta miƙa wa mai gadin. Sannan ta waiga tana murmushin tausayi.

"Wace ce mahaifiyar yaron? Ke ce? Baiwar Allah, ki kwantar da hankalinki. Mun zo kare mutuncinki ne."

Isah ya juyo daga katanga.

Ya sunkuya ya ɗauki ledar kayan, ya tako gaban Hafsat, ya miƙo hannu biyu zai karɓi yaron.